Motar da ke tsaye bisa iska: yadda ake ɗaga ta ba tare da asarar rai ba

Kowace shekara, da zarar an kawar da amfanin gona, manyan motoci sukan fara shigowa karkararmu ta Tsauni. Wasu suna zuwa ɗaukar gyaɗa da wake da gero, wasu rake daga fadamun korama, wasu kuwa wucewa kawai suke yi bisa hanyar da ta taso daga Takeita, ta ratsa Matameye, ta nufi Ɗan Barto da Daura. Yawancinmu ba direbobi ba ne, ba makanikai ba ne. Amma idan taya ta fashe a bakin gari, mu ake kira mu kawo katako, mu kama sifana. Ƴaƴanmu ne yaran mota, ƙannenmu ne ƴan dako, kuma su ne ke shimfiɗa tabarma a inuwar tirela idan rana ta take. Domin haka muka ga ya dace darasin wannan karo ya bar gona da rumbu, ya leƙa ƙarƙashin mota.

Abin da ya ja hankalinmu ƙarami ne. Wata tirela ta kwana a gefen gari tana jiran lodi. Yaron motar ya dafa shayi da dare, da ya gama sai ya ɗora butar bisa tayar baya, cikin ratar da ke tsakanin taya da jikin mota. Da gari ya waye aka tarar da butar a lotse kamar an taka ta. Ba wanda ya taɓa motar, ba wanda ya tada inji. Jikin motar ne ya sauko da kansa cikin dare. Da kan mutum ne a wurin, da yau ta'aziyya muke rubutawa, ba darasi ba.

Sifirin da jakar iska

Tsofaffin motocin da muka tashi muka gani, irin su Berliet da Marsandi 911, bisa sifirin suke zaune, wato faffaɗan ƙarafa da aka jera bisa juna tsakanin shasi da aksul. Shasi shi ne ƙashin bayan mota, wanda jiki da kaya ke kansa. Aksul kuwa shi ne ƙarfen da ya ratsa ƙarƙashi ya haɗa tayar dama da ta hagu. Motar sifirin inda aka bar ta nan za a same ta, ko da za ta shekara a ajiye.

Da yawa daga cikin motocin da ake shigo da su daga Turai a yanzu, irin su Actros da DAF da MAN da Renault, da tireloli, da manyan bos-bos na safara, ba haka suke ba. Maimakon sifirin, an sa musu jakunkuna na baƙar roba mai kauri, waɗanda wasu direbobi ke kira balan-balan. Dabarar ba sabuwa ba ce, tun 1953 ake ƙera bos mai irin waɗannan jakunkuna a Amurka. Amfaninta a fili yake: mota ba ta jijjiga sosai, kaya ba ya farfashewa, kuma hanya ba ta saurin lalacewa.

Ga yadda abin yake aiki. Inji yana juya wani famfo, famfon yana ɗura iska cikin tankuna, daga tankunan kuma iska ke bin ƙananan tiyo zuwa jakunkunan. Ƙarfin iskar da ke cikin tankin babbar mota yakan kai bar 8 zuwa 12, alhali tayar ƙaramar mota ba ta wuce bar 2 da ɗan wani abu. Bar ɗaya yana daidai da nauyin kusan kilo ɗaya bisa fili mai faɗin santimita ɗaya, tsawon santimita ɗaya.

Ɗalibai su ɗauki allo mu yi lissafi tare. Jaka mai faɗin santimita 25, fuskarta tana da irin waɗannan ƙananan filaye kusan 500. Idan iskar cikinta ta kai bar 6, sai mu ce 500 sau 6, ya ba mu kilo 3,000. Ke nan jaka guda tana riƙe da nauyin buhun gero 30 masu kilo ɗari-ɗari. Tirela mai aksul uku tana da jaka shida. To, duk wannan nauyi ba ƙarfe ne ya tokare shi ba, iska ce. Iska kuwa ƙaramar kafa take nema ta fita.

Hanyoyin da motar ke saukowa

Na farko shi ne yoyo. Roba tana tsufa, zafin ƙasarmu da ƙura suna tsattsaga ta, bakin tiyo yana saki. Muddin inji yana aiki, famfo yana mayar da abin da ya fita, ba wanda zai lura. Da an kashe inji sai motar ta yi ta sauka sannu a hankali, kamar yadda ta faru da butar shayi. Idan kuwa jakar ce ta fashe, ko tiyo ya tsinke, saukar a ƙiftawar ido ce.

Na biyu ya fi ban mamaki, kuma shi ne wanda mutane ba su sani ba. Kusa da aksul akwai wani bawul mai ɗan siririn ƙarfe da ya sauko ya kama aksul ɗin. Aikinsa auna tsayin mota. Idan an yi lodi, jiki ya nutsa, sai ƙarfen ya tura bawul ya ƙara iska. Idan an sauke kaya, jiki ya tashi, sai ya saki iska. Wannan bawul ba ya buƙatar inji, ba ya buƙatar makulli. Muddin da sauran iska a tanki, aikinsa yake yi. Kuma bai san jak ba. Idan muka kafa jak a shasi muka ɗaga, a wurinsa mota ta yi tsayi da yawa, sai ya shiga zubar da iska daga jakunkuna, nauyin ya koma bisa jak ɗin gaba ɗaya. Haka nan idan makaniki yana kwance a ƙasa kafaɗarsa ta bugi siririn ƙarfen nan, ko ya kwance shi domin gyara, shi da kansa ya ba motar umurnin ta sauko masa.

A motocin zamani na'urar lantarki ce ke yin wannan awo. Akwai maɓallai cikin gidan direba, wani lokaci da ƴar na'ura mai igiya, da ake ɗaga bayan mota ko a sauke shi. Yaro mai ƙiriniya ya shiga ya danna, ko direba ya murɗa makulli domin ya ji rediyo, ya isa motar ta motsa. A tirela kuma akan sami wani hannu a gefe mai yin wannan aiki.

Saukar ba ta da yawa a ido: kamar yatsu huɗu ce a mafi yawan motoci, ta kan kai taƙi guda ko fiye idan dama an ɗaga motar sama da iska. Amma mu auna ƙirjin mutum da ke kwance, mu auna ratar da ke ƙarƙashin bos, za mu ga yatsu huɗu sun isa. A Ingila an rasa rayuka ta wannan hanya, har hukumar kiyaye lafiyar ma'aikata ta ƙasar ta fitar da takardar gargaɗi ta musamman a kan bos-bos masu jakar iska.

Kafin a kafa jak

A fara da wuri. A kai motar inda ƙasa take a shimfiɗe, mai tauri, nesa da tsakiyar hanya, ko da za a ja ta a hankali da sassaucar taya. Ƙasarmu jigawa ce, gindin jak kuwa ƙarami ne, yana nutsewa cikin rairayi ya karkata. Da damina bakin fadama ya fi haka muni, kuma kwalta ma tana laushi da zafin bazara. Dole ne a shimfiɗa katako mai faɗi da kauri ƙarƙashin jak. A sa alamar gargaɗi gaba da baya. Masu zuba ganye bisa hanya su tuna su kwashe shi idan sun gama, haka ma duwatsu. Mai babur da zai zo da dare bai san da su ba.

Fasinja duka su sauka, su koma nesa. Kada kowa ya zauna a gidan direba. A kashe inji, a zare makulli, wanda zai yi aikin ya sa shi cikin aljihunsa. Ba raina direba ba ne, mantuwa ce ake gudu.

A ja birkin tsayawa, sa'an nan a sa waji gaba da bayan tayoyin da za su zauna a ƙasa. Kada a ce birki ya isa. A mafi yawan manyan motoci birkin tsayawa tayoyin baya yake kamawa. Idan su aka ɗaga, na gaba a sake suke. Wasu tsofaffin tireloli kuma da iska kaɗai birkinsu ke riƙe, iskar na ƙarewa birkin na saki.

Ƙananan motoci ma akwai masu jakar iska, irin su Range Rover, da Touareg, da wasu nau'o'in Prado. Waɗansunsu suna gyara tsayinsu da kansu ko da an kashe inji. Masu ƙera su sun tanadi maɓalli ko wata hanya ta dakatar da awon tsayi kafin a kafa jak, kuma bayanin yana cikin littafin motar. Nan ne wanda ya yi yaƙi da jahilci yake da rana: ko littafin da Faransanci yake ko da Ingilishi, akwai zane mai nuna inda ake kafa jak, a duba shi.

Jak na ɗagawa ne, ba na riƙewa ba

Jak, wanda wasu makanikanmu ke kira kirik, da mai yake aiki, kuma ƴar roba ce a ciki take hana man komawa. Idan ta saki, jak ya zauna. Saboda haka da jak da jakar iska duk jirgi ɗaya ya kwaso su, ba a miƙa wa ɗayansu rai.

A jikin kowane jak an rubuta nauyin da yake iya ɗauka. Dokar ƙungiyar UEMOA ta 2005 ta ƙayyade kusan tan 12 ga aksul guda na baya, wato tan 6 kowane gefe. Mun kuwa san yadda ake lodi ranar kasuwa, ba kullum ake tsayawa inda doka ta tsaya ba. Don haka motar da ke ɗauke da kaya tana son jak na tan 10 a ƙalla, na tan 20 ya fi kwanciyar hankali. Idan da hali a rage kayan. Sauke buhu hamsin wahala ce, amma wahalar yini ɗaya ce.

A sassauta notuna kaɗan tun taya tana ƙasa, domin jijjigar kwance su tana iya ture mota daga kan jak. Idan canza taya ne kawai, a babbar mota jak yana zama ƙarƙashin aksul, kusa da tayar da za a cire, a wurin da ƙarfe ya yi kauri ya kuma shimfiɗu. Ba a kafa shi ƙarƙashin tankin iska, ko jakar kanta, ko kaskon man inji, ko siraran ƙarafa. Ɗaga shasi har aksul ya yi reto yana miƙe jaka fiye da kima, tana iya zamewa daga mazauninta ko ta yage.

Yanzu ga kan darasin. Mota mai jakar iska kashi biyu ce: aksul da tayoyi a ƙasa, shasi da kaya a sama, iska a tsakani. Wanda ya tokare aksul kaɗai, rabin mota ya tokare. Na sama yana nan yana iya saukowa bisa hannu ko kan da aka cusa tsakanin taya da jiki. Don haka hali biyu ne kawai muke kira amintattu. Ko dai a tokare shasi da ƙafafun ƙarfe ko tarin katako har ƙasa, yadda ko iska ta fita duka ba inda zai je. Ko kuwa a zubar da iskar gaba ɗaya tun farko, motar ta zauna bisa robobin da aka yi mata na tsayawa, ba ta da sauran wurin sauka. Duk wanda zai shiga ƙarƙashi, ko zai taɓa tiyo, ko bawul, ko jaka, wajibi ne shasi ya kasance a tokare.

Idan zubar da iska aka zaɓa, a yi shi kafin a kafa jak, bayan an zagaya an tabbata ba mutum ba dabba a ƙasa. Dalili shi ne, lokacin da tirela take sauka tana ɗan matsawa gaba, wannan matsawar kuwa ta isa ta kayar da jak. Akwai kuma motoci masu aksul guda da ake ɗagewa sama idan ba kaya. Shi ma iska ce ta rataye shi, yana iya faɗowa da kansa. Ba a zama ƙarƙashinsa, ba a sa ƙafa ƙarƙashin tayarsa.

Da me ake tokarewa? Ba da bulon siminti ba, ba da tubali ba, ba da marmara ba. Waɗannan ba sa kashedi, sai dai a ji sun wargaje. Itace mai tauri, busasshe, marar tsaga, irin ƙirya, shi ne abin nema. A fafe shi ya yi fuska huɗu, a kwantar da shi, a gicciya wani bisa wani, kada a tsayar da shi a tsaye. Turmin da aka aro daga gida ba abin tokare mota ba ne. Kuma ba muna cewa a shiga gonakin mutane ana sare ɗanyen itace ba. Gawon da manoman Matameye da Magarya da Mirya suka raya shekara da shekaru ya fi taya tsada. Direban kirki da katakonsa yake tafiya. Ana ɗagawa ana cusa katako, kada a jira sai an kai ƙarshe. Tayar da aka cire ma a kwantar da ita ƙarƙashin shasi, ƙari ce.

Idan an maida taya, a ɗaura notuna da hannu, ana tsallakawa daga wannan zuwa na daura da shi. A fitar da kowa, a cire katako, a sauke a hankali, a ƙara ɗaurewa da ƙarfi. Sa'an nan a tada inji, a jira iska ta cika, motar ta koma tsayinta, a duba daga gefe ko kowace jaka ta miƙe ba tare da ninki ba. Bayan tafiyar kamar kilomita 50 a tsaya a sake gwada notunan. Mai neman inda iska ke yoyo ya shafa ruwan sabulu, kumfa za ta nuna masa. Akwai kuma wani gwangwani na birki a bayan tayoyi mai ɗauke da naɗaɗɗen ƙarfe mai tsananin ƙarfi. Wannan ba a buɗe shi a bakin hanya ko kaɗan.

Amalankenmu ba ta da jakar iska, amma da shanu. Kafin a cire tayarta a kwance su, a sauke kaya, a sa waji. Taki ɗaya na sa ya isa ya kayar da ita bisa ƙafar mai gyara.

Idan tsautsayi ya auku

Kada a ja mutum ta ƙafa alhali nauyi yana kansa. Kada kuma mai ceto ya kutsa ƙarƙashi kafin a tokare, kada a sami biyu maimakon ɗaya. A tabbatar da waji, a kawo wani jak, a ɗaga da sauri amma ana cusa katako. Idan ƙirji ne aka danne, mintoci kaɗan ne tsakanin rai da mutuwa. A lokaci guda wani ya ruga ya kira ma'aikacin lafiya na CSI mafi kusa. Lambar ƴan kwana-kwana kuma 18 ce.

Da an fito da shi a kwantar da shi a miƙe bisa ƙyaure ko faffaɗan katako, mutum ɗaya ya riƙe kansa daidai da jikinsa, domin ƙila ƙashin wuya ko na baya ya taɓu. Inda jini ke zuba a danne da tsumma mai tsabta, a ci gaba da dannewa. Kada a zuba ƙasa, ko toka, ko man birki, ko baƙin mai a kan rauni. Kada a ba shi fura ko abinci, ƙila aiki za a yi masa.

Wanda ya fi ba mu tsoro shi ne wanda ya tashi ya karkaɗe riga ya ce ba komai. Jini yana iya zuba a cikin ciki ba a gani. Alamunsa su ne gumi mai sanyi, ƙishirwa, jiri, bugun zuciya da sauri, da farin cikin fatar ido. Ban da wannan, naman da ya daɗe a danne yana sakin wasu abubuwa cikin jini masu cutar da zuciya da ƙoda, kuma illarsu ta kan bayyana bayan sa'o'i. Idan fitsari ya ragu ko ya koma kalar shayi, ƙoda ce ke neman taimako. Saboda haka duk wanda mota ta danne a kai shi likita a ranar, a faɗa wa ma'aikata tsawon lokacin da ya yi a danne da kuma wane sashe na jiki. Su ne za su ga ko a wuce da shi asibitin Matameye, ko babban asibitin Damagaram, kuma su duba batun allurar tetanos. Muna girmama masu ɗori, amma ɗori ba ya tsayar da jinin da ke zuba a ciki.

Aikin aji

Malamai su nemi izinin wani direba ranar kasuwa, su kai ɗalibai wurin motar, kowa yana tsaye daga gefe. A nuna musu shasi, da aksul, da jaka, da siririn ƙarfen bawul. Kowane ɗalibi ya karanta lambar da ke jikin jak, ya rubuta ta, ya juya ta zuwa buhuna masu kilo 100. Sa'an nan a roƙi direban ya zubar da iska a gaban kowa, a auna ratar da ke tsakanin taya da jiki da kara, kafin saukar da bayanta. A yanke karan daidai bambancin, a kawo shi aji, a kuma nuna wa yaran da ke wasa da masu barci a inuwar motoci.